Kalmar "Talaka" a Hannun Malamai: Daga Zangon Lome zuwa Bauchi

Gabatarwa

A arewacin Lome, babban birnin ƙasar Togo, akwai unguwar da ake rubuta sunanta Cacavéli bisa ƙa'idar Faransanci. Ɗalibin Hausa ya kiyaye, kada ya karanta harafin c ɗin nan yadda yake karanta shi a "ciki" ko "cokali". Kakaveli ake faɗa. Unguwar tana yankin Agwe, kuma a wannan yanki ne sabon Zangon Lome yake, a gefen babbar hanyar da ta miƙe zuwa arewacin ƙasar. Ana ce masa sabo domin da akwai tsoho. Tsohon Zango a tsakiyar gari yake, har zuwa 1977 lokacin da hukuma ta rushe shi, ta mayar da mazaunansa bayan gari, kimanin kilomita 15 daga inda suka saba neman abinci. Wani Bafaranshe masanin zamantakewa, Michel Agier, ya zauna cikinsu bayan tashin, ya fitar da littafi a kan fataken Zangon a 1983.

Dalilin fara wannan takarda daga Lome shi ne, a can Hausa harshen baƙo ne. Lokacin da Togo ta yi wa tsarin ilminta gyara a 1975, harsuna biyu ta zaɓa a matsayin harsunan ƙasa, wato Ewe da Kabiye, ga kuma Faransanci da ake mulki da karatun boko da shi. Yaron Zango yana jin Hausa a gida, Mina a kasuwa, Larabci a makarantar allo, Faransanci a makarantar gwamnati. Duk malamin da ya tsaya gaban irin wannan yaro sai ya tambayi kansa: da wane harshe zan yi masa magana, kuma a ina zan same shi? Malaman Hausa sun daɗe da wannan tambaya. Waɗanda suka damu da mutanen da aka bari a ƙofar zaure, mata ne ko matalauta ko baƙi, sukan ba ta amsa iri ɗaya: su sauya harshen karatu, su zuba shi cikin waƙa ko wasa, su kai shi inda mutanen suke. Za a bi sawun wasu daga cikin malaman nan, kuma kalma ɗaya ce za ta zama sandar jagora, wato "talaka".

Kalmar kanta

Ɗalibai sukan fassara "talaka" da ma'ana guda, wanda ba shi da abin hannu. Ma'anoninta biyu ne. Ta farko, kuma wadda ta fi tsufa a harkar mulki, ita ce mutumin da ba ya riƙe da sarauta, wanda ake mulka. Idan aka ce "talakawan sarki", har attajirin da ke da raƙuma ɗari yana ciki, muddin ba a naɗa masa rawani ba. Kishiyarta a nan "masu sarauta". Ta biyu ita ce matalauci, kishiyarta "mawadaci" ko "mai kuɗi". Daga tushen kalmar aka sami "talauci" da "talauta" da "talauce", kuma ku lura duk waɗannan ma'ana ta biyu suka bi. Babu mai cewa an talauta wane don kawai an tuɓe masa rawani. Masana asalin kalmomi da dama suna danganta ta da harshen Buzaye, Yarabanci kuma ya are ta da ma'anar matalauci.

Karin magana ya nuna matsayin mai wannan suna: talaka ba aboki ba, ko ka so shi, ran buki ka ƙi shi. A cikin wannan karin magana talaka ba ya cewa komai, maganarsa ake yi. Aikin malaman da za a ambata shi ne matsar da kalmar daga wannan matsayi, sannu a hankali, har ta zama sunan da mutum yake kiran kansa da shi a bainar jama'a ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Dabarar ta girmi zuwan Turawa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta iya Larabci da Fillanci da Hausa. Mahaifinta ya riga ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ita kuma ta tsara hanyar gyara: ta naɗa dattijan mata, kowace ana ce mata jaji, ta ba su malfa alamar izini, su jagoranci mata da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin koyarwa, su koma su karantar da waɗanda ba su iya fitowa ba. Su ne 'Yan Taru. Matar da ke daka ko kaɗi ba ta da hannun riƙe littafi, amma baiti yana zama a ka. Sai dai kada mu sa wa Asma'u rigar 'yan gwagwarmayar yau. Aikinta na kafa daula ne, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne raba mata da bori. Abin da ta bari ga na baya shi ne hanyar.

Malamin zango

"Zango" asali wurin da ayari yake sauka ne ya kwana. A kan hanyar goro, tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wasu zangunan suka zama unguwanni, fatake suka yi aure suka zauna, suka nemi limami da malamin yara. Mafi shahara cikin malaman waɗannan zanguna shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858. Sunansa na Larabci yana ɗauke da garuruwa uku, Kabi da Kano da Salga, wato asalin gidansu, mahaifarsa, da inda ya yi suna. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mai karatu ko wane ne ɗan zango. Mahaifinsa bafatake ne, shi ma ya bi hanyar har ya zauna a Salga. Yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 ya sa fatake da yawa suka koma Kete Karaci a bakin kogin Bolta, shi ma daga baya ya bi su, ya zama limami da malami a can har rasuwarsa a 1934.

A nan labarin ya haɗu da Togo. Kete Karaci a yau cikin Gana yake, amma a lokacin yana ƙarƙashin Togon Jamusawa, wadda aka mayar da hedikwatarta Lome a 1897. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ne yankin ya koma hannun Ingilishi. Jami'in Jamus da ke riƙe da garin, Adam Mischlich, ya zauna gaban Malam Umaru ya ɗauki Hausa da tarihi, kuma ya fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Ke nan wani ɓangare na abin da Turai ta fara sani game da harshen nan, wanda ku kuke karantawa yanzu, daga bakin malamin zango ya fito.

Malam Umaru ya yi rubutu da Larabci da Hausar ajami. Ya tsara littafin koyon rubuta wasiƙa tun yana saurayi, ya yi waƙoƙi a kan zuwan Nasara, ya yi a kan annobar murar 1918. Wadda ta shafe mu ita ce "Waƙar Talauci da Wadata". A cikinta ya jera irin wulaƙancin da matalauci yake sha a hannun jama'a, ya kuma jera irin girman da ake ba mai dukiya, ya ajiye su gefe da gefe don mai sauraro ya gani da idonsa.

Abubuwa biyu ya kamata ɗalibi ya lura da su. Na farko, zaɓin harshe. Mutumin da ya iya tsara ƙasida da Larabci, har ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, bai rasa Larabcin da zai yi maganar talauci da shi ba. Da ya yi hakan, da malamai 'yan'uwansa kaɗai za su ji. Da Hausa kuwa, ɗan dako da mai kiwon jakunan ayari da yaron madugu duk za su ji, kuma su ne waƙar take siffantawa. Na biyu, wace ma'ana ta "talaka" ya ɗauka? Ta biyu ce. A zango sarauta ba ta da nauyin da take da shi a Kano. Sarkin zango shi ma baƙo ne a ƙasar wasu. Abin da ke raba mutane shi ne jari, wanda yake saukar da baƙi a gidansa da wanda ake saukarwa, mai goro da mai ɗaukar goro. Agier ya tarar da irin wannan tsari a Zangon Lome shekaru da yawa bayan haka, inda maigida yake tara yara da baƙi a ƙarƙashinsa.

Waƙar ba ta jam'iyya ba ce, domin babu jam'iyya a lokacin, kuma marubucinta mutum ne da ya zauna lafiya da Jamusawa ko da yake ya yi kukan zuwan Nasara a baitocinsa. A ganina darajarta ita ce ta ɗauki halin da kowa ya saba gani har ya daina gani, ta sa shi cikin ma'auni da amsa-amo, a bakin limamin gari. Abin da limami ya rera ba a iya cewa ƙorafin malalaci ne.

Ni kaina ban taɓa jin sunan waƙar nan ba a duk karatun Hausar da na yi a gida. Sai da na fita waje neman digiri na uku na ci karo da ita, a jikin wani babi na littafin da Jack Goody ya tace a 1968 kan karatu da rubutu a al'ummomin gargajiya, da fassarar Ibrahim Tahir, mutumin Bauchi. Daga baya Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya yi aiki mai yawa a kan rubuce-rubucen Malam Umaru. Na ji kunya a ranar, kuma har yanzu ina ganin manhajarmu ta adabi tana yi wa Hausar zango abin da waƙar ta ce ana yi wa talaka.

Bauchi, 1943

Ma'ana ta farko, wato talaka a gaban mai sarauta, malaman boko ne suka tayar da ita, kuma a Bauchi aka fi ganin farkon abin. Sa'adu Zungur ɗan gidan malamai ne, ya yi Kwalejin Katsina, ya je Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan lafiya a Zariya, sannan ya koma gida. Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, ya gama Kwalejin Kaduna a 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. A 1943 aka kafa dandalin muhawara a garin, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suna zama tare. Turawa sun ɗauka wurin koyon magana ne. Da muhawara ta kai ga tsarin mulkin En'e kansa, har aka tambayi abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi, dandalin bai ƙara daɗewa ba.

Kowanensu da makaminsa. Sa'adu mawaƙi ne. A "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ya gargaɗi sarakuna su gyara mulki, su rungumi ilmi da adalci tun kafin zamani ya yi musu gyaran da ba za su so ba. Ku dubi sunan waƙar kawai. Ya san Ingilishi sarai, amma da ya buƙaci kalmomin tsarin mulki sai ya ɗebo su daga Larabci, ya lanƙwasa su suka zauna a bakin Bahaushe. Ta haka ya toshe bakin mai cewa wannan magana ta 'yan boko ce, baƙuwa ce a ƙasar Shehu. Ya rasu a 1958, bai ga 'yancin kai ba.

Aminu kuwa ɗan wasa ne. Tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo, cikinsu har da "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba" da "Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya". Sunan na farko ma darasi ne: tambaya ce da ake jefa wa baƙauye, wadda take nuna cuta ta zama ƙa'idar kasuwa, mai neman a yi masa gaskiya shi ne mai girman kai. Wasa yana yin abin da waƙa ba ta yi. Yaron da aka ba rawar hakimi ya yi ta hargagi, 'yan'uwansa suna dariya, ya riga ya koyi cewa ana iya kallon hakimi a yi dariya. Bayan Aminu ya dawo daga Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan, inda ya yi 1946 zuwa 1947, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, a 1950 ya ajiye aikin.

A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, wadda a Hausa ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Takardar manufofinta ta raba al'ummar Arewa gida biyu, masu riƙe da En'e a gefe, talakawa a gefe. A nan ne ma'anonin nan biyu suka haɗe: wanda ake mulka shi ne wanda ake talautawa, ta hanyar haraji da jangali da aikin tilas. Mutum ya fara cewa "mu talakawa" da ƙarfin murya. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu suka ɗauki saƙon zuwa kasuwanni. Ga wani abin lura ga ɗalibin harshe: taron siyasa a Hausa "lacca" ake ce masa. Kalmar aro ce daga Ingilishi, asalinta darasin da malami yake bayarwa a babbar makaranta. Hausa ta ɗauki filin siyasa a matsayin aji. A ƙetaren iyaka ma, Djibo Bakary wanda ya jagoranci jam'iyyar Sawaba ta Nijar, wadda aka haramta a 1959, da aikin koyarwa ya fara.

Aminu bai rabu da alli ba. Ya buɗe makarantar Islamiyya a gidansa a Kano, mai aji da benci, maza da mata, magoya bayan NEPU kuma suka buɗe irinta a wasu garuruwa, suka sha tsangwama a kanta. Batun mata ya fi kowane ɗaukar lokaci. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da yawa a kan wannan fafutuka, kuma sai a 1976 aka ba matan Arewa ƙuri'a. Da PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano a 1979, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, a 1980 ta kafa hukumar ilmin manya ta jiha. A fagen yaƙi da jahilci ne Hauwa Gwaram ta yi aikin karantar da mata, tana tsara musu waƙoƙi kan tsabta da renon yara da amfanin karatu. An buga waƙoƙinta tare da na Hajiya 'Yar Shehu a "Alƙalami a Hannun Mata" a 1983, shekarar da Aminu ya rasu. Jaji ce, sai dai gwamnati ke biyan ta.

Samaru

Malaman jami'a ma sun gwada tasu. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, a wani dandali na ƙasa da aka gina shi kamar gidan Bahaushe. Michael Etherton da Brian Crow, sannan Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai ƙauyuka, suna bin tunanin Paulo Freire na Brazil cewa mai koyo ba tulu ba ne da za a cika. "Wasan Manoma" na 1977 a Soba yana cikin na farko. Matsalar da suka gano da kansu ita ce, ɗalibi ya zo daga Samaru, ya yi wa manomi wasa a kan taki da bashi, ya hau mota ya koma, to wa ya yi maganar? Wannan ya sa a ayyukan baya suka matsa wa mutanen ƙauye su tsara labarin su kuma hau dandalin da kansu.

Komawa Zango

Duk wannan tarihi na Bauchi da Kano da Zariya ya faru ne inda Hausa take da gida: akwai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, akwai maɗaba'a, akwai rediyo, akwai aji da ake koyar da ita. Malamin da ke Agwe ba shi da irin wannan gata a cikin tsarin gwamnati. Kalmar da ta fi damun ɗalibinsa wataƙila ba "talaka" ba ce, "baƙo" ce, domin ana iya haifar mutum a Lome, a haifi ubansa a Lome, a ci gaba da kiransa da sunan wurin da ayari yake kwana ɗaya ya wuce. Rushewar 1977 ta nuna abin da wannan suna yake jawowa idan filin tsakiyar gari ya yi daraja. Shi ya sa nake ganin Malam Umaru ya fi kusa da yaron nan a kan Sa'adu ko Aminu. Shi ma a ƙasar wasu ya koyar, ƙarƙashin hukumar da ba ta jin harshensa sai ta hannun wanda shi ya koya wa.

Rubuce-rubucensa ba su ɓace ba. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai a zanguna ta ɗauki hoton takardu masu yawa na Larabci da ajami, nasa suna ciki. Ɗalibin da ya iya karanta ajami zai tarar da Hausa mai kalmomin fatauci da sunayen garuruwan hanyar Gwanja, wadda ta sha bamban da ta littattafan Zariya da muka saba farawa da su. Wanda zai juya ta zuwa boko ya yi hattara da abu ɗaya: ajamin wancan zamani ba koyaushe yake bambanta k da ƙ, ko d da ɗ, ko wasalin o da u ba, saboda haka sai an auna kowane baiti da kunne kafin a yanke wace kalma malamin yake nufi.